Koyar da Farawa 1 zuwa 3 a zaman gida: jagora ga masu bi Hausawa a Sudan

Hausawa Kirista a Sudan ba mu da yawa, kuma a warwatse muke. Yawancin Hausawan ƙasar nan Musulmi ne tun kaka da kakanni, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, da zuriyar waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Mu kuwa aiki ne, ko karatu, ko aure ya kawo mu daga Najeriya, Nijar, Kamaru ko Chadi. Sujada da Larabci muke yi tare da 'yan'uwa Nuba da sauransu, amma idan ana so Maganar Allah ta shiga jiki, sai an koma harshen da aka sha a nono. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jama'a suka watse daga Kartum zuwa Gadarif da Kasala da Fot Sudan, zaman gida na mutum biyar ko takwas shi ne makarantar da ta rage wa da yawa daga cikinmu.

Wannan jagora ta wanda aka ce wa "kai za ka ja mu" ce, alhali bai taɓa shiga makarantar tauhidi ba. Surori uku na farkon Farawa, littafin farko a Littafi Mai Tsarki, ayoyi 80 ne kacal: 31, da 25, da 24. Matsalar ba tsawonsu ba ce. Kowa yana zuwa da nasa labarin Adamu a ka, wani daga makarantar Lahadi, wani daga hoton kalanda, wani daga hirar maƙwabta, kuma abu da yawa da ke kansa babu shi a takardar. Aikinka shi ne ka tsare mutane a kan aya har su ga abin da ta faɗa da abin da ba ta faɗa ba. In an yi haka a jere, ba tsallake, koyarwar halitta da zunubi da fansa za ta fito da ƙafarta.

Kafin a zauna

Fara da sanar da faston majami'ar da kuke zuwa, ko dattijon ikkilisiya, ko da ba ya jin Hausa. Ranar da tambaya ta fi ƙarfinka, kana da inda za ka kai ta, kuma ba wanda zai ce kun ɓalle.

Sai littafi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aka yi sabuwar fassara a 1979, ga kuma Sabon Rai Don Kowa na baya-bayan nan. Zaɓi ɗaya ya zama na karatu a fili, sauran a riƙa leƙawa. Wanda ba shi da na takarda ya sauke a waya ranar da ya sami intanet, ya kuma gwada ya ga yana buɗuwa ba data, don wuta da sabis ba abin dogara ba ne yanzu. Nemi na Larabci guda ɗaya, fassarar Van Dyck ta 1865 da yawancin majami'un nan ke amfani da ita. Yaran da aka haifa a nan a baki suke jin Hausa, amma da baƙaƙen Larabci suka koyi karatu, boko yana ba su wahala. In an karanta aya da Hausa, ba ɗayansu ya maimaita ta da Larabci, don kada su zama 'yan kallo.

Lahadi ranar aiki ce a Sudan, saboda haka la'asar ɗin Juma'a ta fi dacewa. Sa'a ɗaya da rabi ta isa, shayi ko jabana a ƙarshe. Idan a Gadarif kake, kada ka fara a lokacin yankan riɗi wajen watan Oktoba. Riɗi ba ya jiran kowa, in ya bushe a tsaye zubewa yake yi, kuma ba wanda zai bar gona ya zo.

An soke dokar ridda a Yulin 2020, amma unguwa tana da nata ido, balle a lokacin yaƙi. Ba ɗaukar hoto a sa a Facebook, ba tara taro mai yawa, ba jan ɗan maƙwabci ba da sanin iyayensa ba. Wanda ya zo da ƙafarsa, a yi masa shimfiɗa.

Tsarin kowane zama ɗaya ne. Addu'a gajeriya. Mutum biyu su karanta nassin da murya, ɗaya bayan ɗaya. A rufe littafi, wani ya ba da labarin da ka. A buɗe, a duba abin da ya ƙara da abin da ya bari. Daga nan tambayar da za ka riƙa yi har su gaji da kai ita ce, "A wace aya?" Ga wanda ya girme ka, ba haka za ka jefa ta ba. Ka ce, "Baba, a taimaka mana da ayar, mu ma mu gani."

Zama na ɗaya: 1:1 zuwa 2:3

Kada ka tsaya a ƙarshen sura ta 1, labarin sai a 2:3 ya cika da rana ta bakwai. Bayan karatu, zana gida shida a ƙasa da tsinke, uku a hagu, uku a dama. A hagu: haske da duhu, sararin sama da ruwaye, sandararriyar ƙasa da tsire-tsire. A dama: rana da wata da taurari, tsuntsaye da kifaye, dabbobi da mutum. Yi shiru, bari su gano da kansu cewa kowane gida na dama yana cika na hagun da ke fuskantarsa. Aya ta 2 ta ce duniya ba ta da siffa, wofi ce kuma. Kwana uku na farko sun ba ta siffa, uku na biyu sun cika ta.

Sa yara su ƙirga sau nawa Allah ya ga abin da ya yi yana da kyau. Za su sami bakwai, a ayoyi 4, 10, 12, 18, 21, 25 da 31, na ƙarshen har da "ƙwarai". Ka daɗe a nan. Mutumin da ya baro gidansa da kayan jikinsa, ya wuce gawa a titi, yana iya ɗauka cewa duniya tun asali mugun wuri ce. Koyarwar Kirista ba ta yarda ba. Mugunta baƙuwa ce, daga baya ta shigo. Jiki da abinci da aure da ƙasar noma ba ƙazanta ba ne. In wannan bai zauna musu ba, za su karanta sura ta 3 ba tare da sun ji an yi asarar kome ba.

A aya ta 16 ba a kira rana da wata da sunansu ba, sai babban haske da ƙaramin haske, taurari kuwa a wutsiyar ayar aka ambace su. Al'umman da ke kewaye da Isra'ila bauta musu suke yi. Ba sai an je Babila neman misali ba: a gindin Jabal Barkal kusa da Karima har yau ga kangon haikalin Amun, wanda Masarawa suka haɗa shi da allahn rana, sarakunan Kush kuma suka bauta masa ɗaruruwan shekaru. Farawa ta mai da rana da wata fitilu masu aikin raba dare da yini. Wanda yake zuwa wurin mai duba a ɓoye zai ji saƙon ba sai ka kalle shi ba.

Sai ayoyi 26 zuwa 28. Labarin halitta na Babilawa, wanda aka tono a allunan laka a Nineba cikin ƙarni na 19, cewa ya yi an yi mutum don ya ɗauke wa alloli wahalar aiki. A Masar da Babila sarki ake kira siffar allah. Farawa ta ba kowa wannan matsayi, namiji da mace. Bayyana cewa ba kamannin jiki ake nufi ba, gama Allah ruhu ne (Yohanna 4:24). Mutum wakili ne, mai hankali, mai iya zumunci da Mahaliccinsa, an danƙa masa riƙon duniya. Sannan ka kawo ta gida. A ƙasar da har yau ake zagin mutum da kalmar bawa, inda Bahaushe ya san ɗacin a kira shi baƙo a garin da aka binne kakansa, tambaye su wace ƙabila ce ba ta cikin aya ta 27. Za su yi saurin lissafa waɗanda suka raina mu. Kada ka tashi sai sun ambaci waɗanda mu muke rainawa.

Tambayoyi biyu ba sa rashin zuwa. Ta farko, kwanakin nan na sa'a 24 ne? Masu bi na gaskiya sun bambanta tun da daɗewa. Da yawa sun ce i, wasu sun ce zamanai ne masu tsawo, Agustin, bishop na Hippo a ƙarni na 5, kuwa yana ganin Allah ya yi kome a lokaci guda. Faɗi ra'ayin ikkilisiyarku, ka ambaci sauran, ka wuce. Ta biyu, yaya Allah zai huta? Buɗe Ishaya 40:28, inda aka ce Mahalicci ba ya gajiya. Ya daina aiki ne domin aikin ya kammala, ya kuma keɓe ranar.

Zama na biyu: 2:4 zuwa 25

Wani zai ce ai an riga an yi mutum a sura ta 1. Sura ta 1 ta nuna duniya duka, ta 2 ta matso kusa da mutum. Yesu ma ya haɗa 1:27 da 2:24 a magana ɗaya cikin Matiyu 19:4-6.

Aya ta 7 abu biyu ta faɗa, turɓaya da numfashin Allah, kuma duka biyun za ka riƙe. Ayoyi 10 zuwa 14 yawancin malamai tsallake su suke yi, amma kai a Sudan kake. Kogi na biyu, Gihon, an ce yana kewaye ƙasar Kush, Kush kuwa a yawancin Tsohon Alkawari ƙasar kudu da Masar ce, wato nan. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya ce Gihon shi ne Nilu, Kiristocin Habasha kuma Shuɗin Nilu suke kira da sunan. Wasu masana suna ganin wata Kush ce a gabas, kusa da Tigris da Yufiretis. Faɗa musu duka biyun. Abin da bai kamata ba shi ne a ɓata zaman wajen neman gonar Aidan a taswira.

Aya ta 15 ta fi wannan amfani ga mai aikin hannu. An sa mutum ya nome gonar ya kuma kiyaye ta tun kafin zunubi. Mai gasa agashe a bakin kasuwa, da mai ɗinki, da 'yar aikin gida su ji da kunnensu cewa aiki ba la'ana ba ne.

Sa a karanta ayoyi 16 da 17 a hankali, sannan ka tambaya: da me Allah ya fara, da izini ko da hani? Da izini ya fara, kowane itace na gonar a sake. Ɗaya tak aka hana, an kuma faɗi sakamakon a fili. Ce musu su riƙe kalmomin sosai, don mako mai zuwa wani zai karkatar da su.

A aya ta 18 aka fara jin abin da ba shi da kyau, wato zaman mutum shi kaɗai, alhali zunubi bai shigo ba tukuna. An kira macen mataimakiya, kuma kada wani ya ɗauka baiwa ake nufi, gama Zabura 121 Allah kansa take kira mai taimako. Maganar farko da aka rubuta daga bakin ɗan Adam murna ce da ganin mace, ƙashi daga ƙasusuwansa. Aya ta 24 namiji ta ce ya bar uba da uwa ya manne wa matarsa. Iyaye mata za su yi murmushi, wasu surukai za su gyara zama. Bar su su tattauna, amma ka rufe da aya ta 25, tsirara suke ba kunya, don a kanta sura ta 3 za ta faɗo.

Zama na uku: 3:1 zuwa 19

Wannan ne zaman da rufe littafi a ba da labari da ka ya fi amfani. Kusan kullum mai ba da labarin zai ce Shaiɗan ya zo, ya ba Hawwa'u tuffa, Adamu kuma ba ya nan. A buɗe a duba. Ba a faɗi irin 'ya'yan itacen ba. Sura ta 3 maciji ta ce, ɗaya daga cikin halittun da Allah ya yi. Sai a Ru'ya ta Yohanna 12:9 da 20:2, wadda wasu fassarori ke kira Wahayin Yahaya, aka ce tsohon macijin nan shi ne Iblis. Ikkilisiya ta karɓi wannan, amma ka nuna musu daga inda ya fito. Amfaninsa shi ne su ga cewa mai jarabar halitta ne, ba kishiyar Allah mai iko daidai da shi ba. Farawa 3:6 kuma ta ce macen ta ba mijinta da ke tare da ita. Yana wurin, shi aka ba umarnin tun kafin a yi ta, bai ce uffan ba. Duk wanda ya zo da shirin ɗora wa mata laifin duniya, a nan zai sauke, kuma Bulus a Romawa 5 sunan Adamu ya kira.

Yanzu a jera 2:16-17 kusa da 3:1-5, mutum ɗaya yana karanta wancan, wani wannan. Maciji ya fara da tambaya, ya mai da hani ɗaya kamar an hana duka. Macen ta gyara masa, amma ta ƙara da cewa kada ma a taɓa, abin da babu shi a umarnin. Sai ya ƙaryata kai tsaye, ba za ku mutu ba. A ƙarshe ya shafa wa Allah baƙin fenti, wai rowa yake yi, ba ya so ku zama kamarsa. Tambaye su: a 1:27 kamar wa aka riga aka yi su? Abin da ke hannunsu aka sa su ƙwace. Nan ne zuciyar koyarwar Kirista a kan zunubi. Ba cin 'ya'yan itace ba ne kawai, ba kuma saduwar miji da mata ba ce kamar yadda wasu ke raɗawa, tun da an sa wa haihuwa albarka a 1:28. Zunubi shi ne mutum ya daina amincewa da nagartar Allah, ya ce shi zai yanke wa kansa abin da ke nagari da mugu.

Bi abin da ya biyo baya a jere. Kunya a aya ta 7, har suka ɗinka ganyen ɓaure. Tsoro da ɓuya a 8 zuwa 10. Ture laifi a 12 da 13, inda Adamu ya haɗa matar da Allahn da ya ba shi ita a jimla ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ba ka bukatar dogon wa'azi a nan, kowa ya san gidan da aka yi haka jiya.

Tsaya a aya ta 9. Wa ya nemi wa? Allah ne ya fara kira, "Ina kake?" Ba don bai sani ba. Alheri ya fara tun kafin a yanke hukunci, kuma ba daga wajen mutum ya fara ba.

A ayoyi 14 zuwa 19, sa su nemi inda aka ce la'ananne. Wuri biyu ne, maciji a 14 da ƙasa a 17. Ba a faɗa wa macen ko mijin haka ba. Abin da ya same su shi ne albarkar da suke da ita ta zo da ciwo: haihuwa da naƙuda mai zafi, noma da ƙaya da sarƙaƙiya da gumi. Manomin dawa da ƙuduji ya cinye wa gona ba ya bukatar sharhi. Aya ta 16, inda aka ce miji zai mallake ta, ka kula da ita sosai. A ganina bayanin ɓarna ce, ba umarni ba, daidai da ƙayar aya ta 18 da ba wanda ya ce a bar ta a gona. Ikkilisiyoyi sun bambanta a kan shugabancin miji, amma ba wadda ta sami izinin duka ko wulaƙanci a nan, ga kuma Afisawa 5:25.

Wani saurayi zai ce, "Malam, an ce ranar da ya ci zai mutu, ga shi 5:5 ta ce ya shekara 930." Amsar ikkilisiya ita ce a ranar aka yanke shi daga tushen rai, mutuwar jiki kuma ta kama hanya tun daga 3:19. Jinkirin da ke tsakani jinƙai ne.

Zama na huɗu: fansa

Koma 3:15, sannan 3:20 zuwa 24. Abu uku za a gani a tsakiyar hukuncin. Zuriyar macen za ta ƙuje kan maciji, shi kuma ya sari diddige. Allah ya yi musu tufafin fata a madadin ganyen da suka ɗinka. An kore su, an sa kerubobi da takobi mai harshen wuta a hanyar itacen rai, kuma aya ta 22 ta ba da dalili, don kada su dawwama a wannan hali. Kiristoci tun zamanin Ireniyus, bishop na Liyon wajen shekara ta 180, suna ganin Almasihu a aya ta 15. Amma kada ka cusa wa aya abin da ba ta faɗa ba. Aya ta 21 ba ta ambaci hadaya ba. Masu wa'azi da yawa suna hango ta a ciki, kuma ba laifi ka ce haka, muddin ka bambanta hangen da nassin. Wanda ya saba ƙari a ƙaramin wuri, ba za a yarda da shi a babba ba.

Sai a buɗe Romawa 5:12-21 da 1 Korintiyawa 15:21-22. Ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo, mutuwa ta biyo shi. Ta wurin mutum ɗaya, Yesu Almasihu, alheri da rai suka zo. Mutanen Jazira za su gane wannan da sauri. Tun 1925 ruwan dam ɗin Sinnar ke bi ta babbar hanyar ruwa zuwa gonaki, kuma abin da aka zuba a kan ruwan, gonar ƙarshe ma za ta sha, ko da mai ita bai taɓa ganin Sinnar ba. Haka muka gāji lalacewa da mutuwa. Sai dai Bulus ya ƙara da cewa duka sun yi zunubi, Ezekiyel 18:20 kuma ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, don haka ba wanda zai tsaya gaban shari'a ya ce Adamu ne.

Nuna musu yadda Bishara ta bi sawun Farawa. Luka 3:38 ya kai asalin Yesu har Adamu, aya ta gaba kuma ga shi a jeji ana jarabtar sa, da yunwa, ya ƙi abin da Adamu ya karɓa a ƙoshe. Ƙasa ta fid da ƙaya, aka sa masa rawanin ƙaya (Matiyu 27:29). A Ru'ya 22:2-3 itacen rai ya sāke bayyana, an kuma ce ba sauran la'ana.

In akwai 'yan ikkilisiyoyi daban-daban a zaman, ka san bambancin tun da wuri. Filajiyus, wani malamin Kirista na zamanin Agustin, ya koyar cewa mugun misali kawai Adamu ya bar mana. Agustin, wanda garinsa Hippo shi ne Annaba ta Aljeriya a yau, ya yi tsayayya da shi, majalisar Kartaj ta 418 kuma ta ƙi koyarwar Filajiyus. Katolika da yawancin Furotesta a kan sawun Agustin suke. Kibɗawa, wato Kiristocin ikkilisiyar Masar, waɗanda majami'unsu ke Umdurman da Kartum, sun fi bin harshen Atanasiyus na Iskandariya: mutuwa da ruɓa sun shiga ɗan Adam, Kalman Allah ya ɗauki jiki don ya warkar da shi. Katolika da Angilika suna yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baftis sai mutum ya furta bangaskiya. Kada ka bari zaman ya koma gardamar baftisma. Dukansu sun yarda mutum ba ya fansar kansa.

Idan maƙwabci Musulmi ya tambaya

Zai tambaya, don labarin Annabi Adamu ba baƙo ba ne a wurinsa. Yana cikin Baƙara 30 zuwa 39, da A'araf 19 zuwa 25, da Ɗaha 115 zuwa 123. Kun haɗu a abubuwa da yawa: Mahalicci ɗaya, kwana shida, mutum daga ƙasa, itace da aka hana, tsiraici da ganye, fita daga gona. Inda kuka rabu shi ne abin da ya biyo baya. A Alƙur'ani Adamu ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa, ya tuba, aka karɓi tubarsa, kuma ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Saboda haka abin da ɗan Adam ke bukata shi ne shiriya da tuba. A koyarwar Kirista ɓarnar ta shiga zuriya, shiriya kaɗai ba ta isa ba sai da Mai Fansa. Faɗa masa haka a fili: "Malam, a wurinku ga yadda yake, in na yi kuskure ka gyara mini. A wurinmu kuwa ga yadda yake." Kada ka ce duk ɗaya ne don a zauna lafiya, ya san ba ɗaya ba ne. Kada kuma ka yi wa Adamu ba'a a gabansa, annabi ne a wurinsa.

Zama na biyar: daga Kayinu zuwa Ibrahim

Surori 4 zuwa 11 ba za su karantu a zama ɗaya ba. Zaɓi 4:1-16, 6:5-8, 9:1-27, 11:1-9 da 12:1-3, ka sa su nemi abu uku a kowane: laifi, hukunci, da jinƙai. Kayinu ya sami alamar kariya, Nuhu ya sami jirgi da bakan gizo. A hasumiyar Babila za su nema su rasa, sai a 12:3 inda aka ce dukan kabilan duniya za su sami albarka ta wurin Ibrahim.

Wuri biyu ne ke da haɗari a ƙasar nan. Kayinu manomi ne, Habila makiyayi, kuma inda ake rikicin gona da burtali, ko a gaban waɗanda suka baro yankin Damazin bayan faɗan ƙabilanci na Yulin 2022, wani zai so ya raba ƙabilu a kan 'yan'uwan biyu. Nassin bai fifita sana'a ba, Ibraniyawa 11:4 bangaskiya ta ce. Na biyu shi ne 9:25. An daɗe ana cewa an la'anci Ham, wai shi ya sa baƙar fata ta zama ta bauta, kuma masu cinikin bayi sun ci abinci da wannan magana. Sa a karanta da murya. Kan'ana aka ambata, ba Ham ba, ba a kuma yi zancen launin fata ba. A 10:6 Kush ɗan'uwan Kan'ana ne, kuma la'anar ba ta ambace shi ba. A sura ta 9 ɗin, aya ta 6 ta hana zub da jinin mutum domin a siffar Allah aka yi shi, wato siffar ba ta ɓace da faɗuwar ba.

A ƙarshen wannan zama, zaɓi wanda ya fi kowa shiru, mace ko namiji, ya ba da labarin daga 1:1 zuwa 12:3 da ka cikin minti goma, sauran suna riƙe da littafi suna tsayar da shi duk inda ya ƙara. Rubuta wa kowa nassoshin zama biyar ɗin a ƙaramar takarda, da boko da kuma lambobin Larabci. A halin da ake ciki, ba lalle ne waɗanda suka zauna yau su kasance gari ɗaya wata mai zuwa ba, kuma duk wanda ya tashi zai iya fara zama na ɗaya a inda ya sauka.